Mai Faci a Hanyar Ɗan Isa

Shekara goma sha bakwai ina faci a nan.
Taya ba ta yi mini ƙarya.
In na durƙusa na dafa ta
na san kayan mota ko ba a kwance tamfol ba.
Albasa na danne ta, siminti ya fi.
Amma akwai kamiyon da ke wucewa bayan lisha,
shaƙe har sama, tayunsa tsaye cak.
Kwalaye ne. Kwali ba ya nauyi
sai ya shiga gari.

Tsayabu ke ɗaga mini jak.
Kati biyu na tiramol aka samu aljihunsa,
ɗaya ma ya ɓalle ya kora da shayi
don ƙugunsa ya bar shi ya yi aiki.
Wata takwas ke nan yana gidan kaso.
Kamiyon kuwa ranar Talata ya tsaya gabana,
na cika masa iska,
direba ya miƙo jikka, bai jira canji ba.
Na amsa. Ba zan ɓoye muku ba.

Da dare a fada Nomau ya ce a ƙara matsawa,
a ɗaure mai sha, a ɗaure mai talla.
Rabe, da ya yi shara a likita, ya ce
tun da aka hana, kuɗinta ya ninka uku,
to wa ya ci ribar, ni ko kai?
A bar ta hannun masu magani, yara a yi musu jinya.
Nomau ya ce, ka taɓa ɗauko ƙanenka a bakin Gulbi
bakinsa duk kumfa?
Shayi ya ƙafe a kan gawayi,
ba wanda ya sauke.

Na ga hayaƙin ƙwayar da aka ƙona bayan gari,
an gayyato masu hoto.
Na kuma ga bene ya tashi a Ali Ɗan Sofo
cikin damina guda,
mai shi ba gona, ba kanti,
in ya makara ana matsa masa a sahun gaba.

Ni dai in tib ya sace
duka nake tsoma shi a ruwa, in bi kumfa.
Su gefe ɗaya suka tsoma,
gefen da Tsayabu yake.

Jiya na kai masa fura.
Ya ce, an ba wani jak ɗina?
Na ce a'a.

Gobe Talata.
Famfona na nan jingine da bedi.