Mai Share Rairayi

A ɗakin bauta na bayan kasuwar kifi, a tsibirin Penghu,
aikina ɗaya ne: sharewa.
Mutum biyu ke riƙe da reshe mai baki biyu,
tsoho Ang Bun-tiong a dama, surukinsa a hagu.
Reshen ya yi rawa, ya tsaga rairayin faranti,
mai karatu ya ɗaga murya ya faɗi harafin,
mai alƙalami ya cafke shi a takarda,
ni kuma in ja ɗan katako in mai da wurin sumul,
kamar ba a taɓa cewa komai ba.

Shekara tara ina goge zancen matattu.
Na goge “ku yafe wa juna” ya fi a ƙirga.
Na goge maganin tari, na goge ranar ɗaura aure,
na goge faɗan wata kaka kan kabarinta da ciyawa ta cinye.
Ban taɓa tambaya ba.
Tsintsiya ba ta tambayar shara daga ina take.

Sai daren da mahaifiyata, Giok-lan, ta shigo
da lemo uku da turaren tsinke,
ta durƙusa, ta kira sunan babana
wanda teku ta riƙe tun ina ɗan shekara sha ɗaya.

Reshen ya tashi.
Haruffa suka zubo, kyawawa, masu ƙafa da wutsiya:
wai yana lafiya, wai wurin babu sanyi,
wai ta daina ajiye masa shinkafa.
Ina sharewa, maƙogwarona na ɗaci,
don babana bai san ko harafi ɗaya ba.
Da babban yatsa yake sa hannu a takardar bashi.
Wa ya koya masa? Kifaye?

Can reshen ya tsaya cik.
Ya karkace, ya ja wani abu a hankali,
ƙugiya, da ɗigo biyu a cikinta.
Mai karatu ya leƙa, ya sake leƙawa.
“Wannan ba rubutu ba ne. Share.”

Ni na san shi.
Shi ne tambarin da yake kankarewa da wuƙa
a jikin kwandunansa, don kada su ɓace a bakin ruwa.
Na ɗago na dubi Bun-tiong.
Idonsa a rufe, gumi na bin gemunsa.
Shekara ashirin suka yi a jirgi ɗaya,
shi ma ya san tambarin.
To hannun wa ke nan?

“Share mana, yaro.”

Na ajiye katakon, na share da tafina.
Uwata ta kwashe lemonta biyu, ta bar ɗaya.
A hanya ba ta ce uffan ba, ni ma haka,
iska na kaɗa jiragen da ke ɗaure.
Rairayin da ya maƙale min a farce
har gari ya waye ban wanke shi ba.