Tokar Jiya

A Dadin Kowa, bayan ɗakin girki,
kaji bakwai gare mu
da zakara mai fankama.

Goggo Dudu ba ta zuwa kantin magani.
Asabar da hantsi sai ta ce:
"Hammadu, ɗebo tokar jiya."

Na kankare akurki da guntuwar fartanya,
wari ya hau mini ka.
Buntun shinkafa kyauta ne a bakin inji.
Na shimfiɗa, na barbaɗa toka,
ganyen darbejiya a kowane lungu
don ƙuma su yi ƙaura.

Kashin kuwa, buhu biyu,
mai lambun albasa ya saye.
Kuɗin ya koma tsintsiya da dusa.

Da magariba wake-waken nan ta riga shiga,
ta tone, ta watsa aikina,
ta kwanta abinta.