Aron Suna

Ranar Alhamis, ƙanƙara ta toshe tagogin masana'anta,
Mista Vandermolen ya kira mu ofis ɗaya bayan ɗaya.
Mu goma sha bakwai ne, har da mai gadi,
har da Ignatius mai tuƙa motar katako.

Ya ce, Loretta, zauna. Kin san doka
ta yanka wa kowa iyaka, ta ce ga mudu:
mutum ɗaya, kaza zai ba ɗan takara, ba ƙari.
To ni mutum ɗaya ne, ya yi dariya,
sai dai aljihuna ya fi mutum ɗaya nauyi.

Ya turo ambulan a kan tebur.
Ladan ƙwazo ne, in ji shi, na ƙarshen shekara.
Gobe ki rubuta cak daidai da abin da ke ciki,
da sunan Brannigan mai neman majalisar jiha,
ki sa hannunki na gaskiya a ƙasa.

Shekara ashirin da biyu ina riƙe da littafin kuɗinsa.
Na san inda kowace dala ke kwana.
Na san bututun da ke bayan sito,
mai amai cikin kogi in dare ya raba,
na kuma san wa ya yi alkawarin kau da kai.

A kogin nan mahaifina ya koya mini jefa ƙugiya.
Bara jikata Maren ta tsoma ƙafa,
ta fito da ƙuraje har gwiwa.

Amma injin ɗumama gidanmu ya mutu tun Nuwamba,
kuma inshorar aikina ke biyan maganin mijina.
In baki ya ci, ido ke jin kunya.
Na rubuta.
Alƙalamin ko gardama bai yi ba.

Doka ta gina katanga don kada giwa ta shiga gona,
ta bar 'yar ƙofa daidai akuya.
Sai giwa ta yanka kanta gida goma sha bakwai,
kowane yanki aka yafa masa fatar ɗayanmu,
muka shige a layi, muna sunkuyar da kai.

Da aka buga jerin masu ba da gudummawa,
ga mu nan reras, rana ɗaya, adadi ɗaya,
ko sisi ba wanda ya ɗara wani.
Brannigan ya fito a talabijin, hannu a ƙirji,
ya ce ma'aikata ne ke ɗauke da shi.
Mai gadinmu, wanda bai taɓa jefa ƙuri'a ba,
ya tambaye ni ko za a ɗaure shi.

Maƙwabciyata Winifred, tsohuwar malamar firamare,
dala ashirin da biyar ta ba abokiyar takararsa
daga kuɗin fanshonta, ta haƙura da nama mako guda.
Ta tare ni ina kwashe ƙanƙara a bakin ƙofa,
ta ce, ashe kin yi arziki ban sani ba?
Na ci gaba da tura shebur.

Ranar zaɓe na ja labule, ni kaɗai,
na zaɓi wadda Winifred ta zaɓa.
Ƙuri'a ɗaya ce, tawa ta kaina,
ta tsaya gaban tallan da sunana ya saya,
sau arba'in a rana, tsakanin labarai da wasan ƙwallo.
Kafin ƙarfe goma na dare an gama lissafi.

Yanzu gidan da ɗumi, an gyara injin,
ba daga ambulan ba, wannan ta koma inda ta fito.
Bututun yana nan yana aikinsa.

Na kwafi shafin littafin, na ninke shi huɗu,
yana cikin durowa, ƙarƙashin cokula,
tare da lambar wayar hukumar zaɓe.
Kullum da safe in na zo ɗaukar cokalin shayi
sai yatsana ya taɓa takardar.
Yau ma ya taɓa.
Mijina ya yi tari daga ɗaki,
na rufe durowar, na kai masa ruwa.