Tsamiyar Bakin Mahauta

Baba Cindo ya ajiye wuƙa da hantsi,
ya ɗaga kai kamar mai duban hadari.
Ba kowa bisa tsamiyar bakin mahauta.

Da can, in ji shi, tun kafin assalatu
angulaye sun riga mu zama,
sun jeru kamar dattawan zaure
masu jiran rabon gado.
Mu jefa hanji, su sauko da sanƙonsu,
ba godiya, ba ƙorafi.

Mun zage su, mun ce ƙazamai.
Yara na jifa, muna dariya.
Sai wata shekara masu haɗa magani suka zo
da buhu da kuɗi,
suna cigiyar kai da ƙafa.

Yanzu jakin da ya faɗi a hanyar Kwalkwalawa
kwana huɗu yana kumbura,
ƙudaje kaɗai suka zo jana'iza.
Belbela na bin shanun Rima da farar rigarta,
ita ba ta taɓa mushe.

An ce angulu kan koma gidanta na tsamiya.
Cindo ya bar mata guntun tumbi bisa katanga.
Da la'asar
kare ya ɗauke.