Daƙiƙa Tara Kafin a Ɗauka

Ƙarfe biyun dare a Tbilisi,
ruwa na dukan kwanon baranda,
wayoyi huɗu a kan teburina
da shayin da ya huce tun sha ɗaya.
Sana'ata laluben bango:
ana biyana in gano tsaga
kafin ƙadangare ya gano ta.

Daren nan na same ta.
Akwai saƙon da ba ya tashi sai an ɗauki kira,
na tura shi tun waya na kuka,
manhajar ta rikice,
ta buɗe ido, ta buɗe kunne,
ba sallama, ba izini.
A wannan wayar na ga silin ɗakina
ta idon waccan da ban taɓa ba.
Daƙiƙa tara. Na ƙirga sau ashirin.

Da a nan na tsaya.

Mahaifiyata Tsiala tana Bari,
shekara goma sha ɗaya ke nan
tana juya wani tsoho a gado,
tana ba shi miya a cokali,
kuɗin na zuwa, na yi karatu da su.
Duk Lahadi fuskarta na cika allo,
jan baki, dariya, gashi a gyare:
"Lafiya lau, Nutsa, kin ci abinci?"

Lahadin nan na kira da makullin sata.

Na gan ta zaune a bakin baho,
ƙafafu a kumbure cikin ruwan gishiri,
baki a sake kamar ƙofar da ta gaji.
Ta dubi sunana yana haske,
ta share ido da bayan hannu,
ta yi gyaran murya sau biyu,
ta jawo labule ya rufe kwandon wanki,
ta ɗora murmushi kamar mai ɗaura ɗankwali,
sannan ta taɓa kore.

"Lafiya lau," in ji ta.
Na ce nima.

Wa ya riga ni zuwa wannan taga?
Mijin da aka guje wa,
mai bin bashi, ɗan sandan ciki,
wani yaro mai jin daɗi a ƙasar da ban sani ba.
Miliyoyin aljihu, miliyoyin matasan kai,
kowace waya na kwana da ido ɗaya a buɗe.
Otar ya ce akwai masu saye a ɓoye,
kuɗin zai dawo da ita gida gobe.
Na yi lissafin. Ba zan ɓoye ba, na yi.

Da asuba na rubuta wa kamfanin,
mataki bakwai, a bushe, da lambobi.
Ban sa bahon ba.
Ban sa cewa ɓarawon farko ni ce ba.

Kwana hamsin da uku suka toshe.
Sanarwar layi ɗaya ce: an gyara ƙananan kurakurai.
Na ce mata ta danna sabuntawa,
ta ce ba ta gane ba, na bi da ita a hankali
har ƙofar ta rufu a fuskata.

Yanzu in na kira, duhu nake gani
da sunanta, da kukan waya.
Ina barinta ta yi kuka.
Na san abin da ake yi da daƙiƙa tara,
nima na koyi gyaran murya.