Kwana Huɗu a Kan Keken Baba

Hutun kwana goma suka ba ni a ofis.
Na ce shida na gida, huɗu nawa ne.
Na jawo keken Baba daga bayan rumbu,
Gado mai faci ya juya shi, ya yi tsaki,
ya ce sarƙar ta tsufa amma ta fi ni ƙwari.
Ba jagora, ba ɗan rakiya,
sai hanyar da na zana a bayan takardar kuɗin wuta:
Argungu, Alwasa, Ambursa,
sauran kuma inda ƙafa ta yarda.

Na bar Matan Fada da asuba,
masu homa na wanke gora a bakin ruwa.
Shinkafa ta kwanta dama da hagu,
kore har inda ido ya gaji,
injin ban ruwa na tari kamar tsohon mashayin taba,
yara na kaɗa gwangwani a igiya
don jan-baki kada ya sauka.
Shekara ashirin ina bin hanyar nan a mota,
ban taɓa sanin tana da ƙamshi ba.

Kafin hantsi ya dubi ludayi
ƙayar aduwa ta gaisa da tayata.
Na tura har gindin wata tsamiya
inda Inna Luba ke dama fura.
Ta ce, "Ina zuwa haka, ɗan nan?"
Na ce yawo.
"Ba buki, ba gaisuwar mutuwa?"
Na ce babu.
Ta yi dariya har nono ya fantsama:
"Mutane na hawan mota su isa,
kai ka hau keke don kada ka isa!"
Ta ƙi karɓar kuɗin ƙarin da ta yi mini.

Rana ta biyu na ɓata.
Takardata ta jiƙe da gumi, layin ya narke,
na bi sawun amalanke har wani tsohon gari
da ba na cikin lissafina.
Ganuwarsa ta zaizaye, akuya na tsallake ta,
kukoki uku na tsaye inda ƙofa take.
Malam Magawata ya tako da sandarsa,
ya nuna mini ramukan marina da ƙasa ta cike,
ya ce kakansa ya mutu da shuɗin hannu.
Na shafa bangon.
Akwai sawun yatsun wani magini a jiki,
na sa nawa a ciki, suka yi daidai.

A zaurensa na kwana.
Tuwon shinkafa, miyar kifi busasshe,
sauro ya karɓi nasa rabon.

Jega na ratsa ta ranar kasuwa,
keke a hannu, ina ba jaki hanya.
Cinyoyina sun fara zagina.

Tun ban ga Aliero ba hancina ya gan ta,
albasa a tsibe, ja kamar garwashi.
Ina kallonta ne yashi ya kama gaba,
ƙasa ta taso ta same ni.
Mai ɗori ya murza wuyan hannuna,
na kira sunan uwata a gaban jama'a.
Ya ce targaɗe ne, ka iya zaɓen wurin faɗuwa.

A bayan motar albasa na dawo,
ni da keken bisa buhuna,
hanyar kwana huɗu ta ƙare kafin la'asar.
Balkisu ta tare ni a ƙofa:
"Ina tsaraba?"
Na miƙa mata albasa bakwai da hannu a ɗaure.
Sawun yatsun nan ban faɗa mata ba tukuna.
Keken na jingine a zaure,
ban mayar da shi bayan rumbu ba.