Ɗan Duhu

Sama da tabkin Titikaka, inda numfashi ke gajarta,
a mahaifar dankalin nan da ake jingina wa Turawa,
Saturnina Ticona ta zazzage buhu a kan bargo.
Jikanta Efraín na tsugune da kwando.

Wannan na tukunya.
Wannan na iri.
Wannan kuwa, ta juya shi a tafin hannu:
kafaɗarsa ta yi tsanwa kamar gansakuka,
idonsa ya fid da fararen ƙahoni uku.
Ta wurga shi bayan katanga,
can inda alade ba ya kaiwa.

"Kaka, ai shi ne babba!"
"Shi ne. Jinka ta yage,
rana ta yi sati biyu tana leƙensa."

Ta ce tsanwar ba ita ce gubar ba,
shela ce kawai, mai abin na bayanta.
Dankali ɗan duhu ne.
Da ya ga haske ya san bakuna sun kusa,
sai ya tara ɗaci ƙarƙashin ɓawo,
ya cusa saura a tsiro.
Ka dafa, ka gasa, ka soya,
yana nan, bai san wuta ba.

Shekarar da ƙanƙara ta kwantar da gonaki,
ƙanenta Nemesio bai iya jira ba.
Shida ya binne a toka, ya cinye da ɓawonsu.
Kwana biyu ciki na murɗa, amai ba tsayawa,
yana kiran tumaki da sunayen matattu.
Ya tashi dai.
Amma har furfura ta cim masa
sai wanda ya fere da wuƙarsa yake ci.

Akwai masu ɗaci tun asali, na gonar kan tudu.
Su ana shanya su dare uku sanyi ya daskarar,
a tattake da ƙafa, ruwan ya tsiyaye,
rafi ya wanke, rana ta busar.
Da haƙuri ake cinsu.
Wannan na bayan katanga, ba wanda zai yi masa wahala.

Efraín bai yarda ba.
Ya zagaya, ya ɓantaro ɗan ƙaho, ya ɗora a harshe.
Maƙaƙi ya sauka har maƙogwaro.
Ya tofar, ya sake tofarwa.

Ba ta ɗago kai ba.
"Kurkure bakinka.
Ga ciyawa can, ga tsani,
hau ka toshe mini ramin nan kafin gobe."